Ba Ɗan Masar Ko Ɗaya

Halfa Sabuwa, Sudan
3 ga Maris, 1986

Zuwa ga Yaya Abdun Dahab, a Alƙahira.

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zanuba da 'yan mata. Yaya ƙafar nan taka? An ce min har yanzu wuni kake a tsaye a kanta, kamar a duk Masar an rasa kujera ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai hawan jini da ya zame min maƙwabci, da alkamar bana da ba ta yi abin kirki ba. Ruwan garin nan shekara ashirin da biyu muna shansa, har yau bai yi min daɗin na kogi ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata, tunda rabonmu da juna tun rasuwar Gwaggo Nabra. To, ruwa ba ya tsami banza. Ɗana Shallali, ɗan marigayi Halilu ɗan baffanka, zai zo hutu daga Abu Dabi a watan Yuni. Shekara shida ke nan yana haɗa wayar lantarki a gidajen mutane. Abin da ya tara, niyyarsa ya sayi motar ɗaukar kaya, ya ƙara shekara ɗaya a can, sannan ya dawo gaba ɗaya in riƙa ganinsa kafin ƙasa ta rufe min ido. Amma ya ce zai biyo ta Alƙahira ya yi mako biyu, wai ganin gari.

Wai ganin gari! Wani ɗan unguwarmu da suke ɗaki ɗaya ya dawo, na tsare shi da shayi har ya faɗa min gaskiya. Duk ranar Juma'a karta suke yi, kuma ba ta wasa ba. Shallali har cika baki yake yi, yana cewa, "Baffana ne mai ƙofar gidan caca na babban otal a bakin Nilu. Ranar da na je, darduma za a shimfiɗa min."

Yaya, ban taɓa roƙonka komai ba, ko lokacin da Halilu ya rasu ya bar ni da goyo. Mutanenmu sun daɗe suna cewa aikin nan naka ba na ɗan mutunci ba ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma na faɗa. To yau ga ranarsa ta zo. Idan yaron nan ya iso ƙofarka, ka hana shi shiga.

Na aiko da dabino kaɗan, ba irin na gida ba ne, a yi haƙuri da shi.

Ƙanwarka,
Sittana Usman

*

Alƙahira
29 ga Maris, 1986

Ƙanwata Sittana, uwar Shallali,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, dabino ma ya iso, Zanuba ta ci tana hawaye. Muna lafiya. Ƙafa tana nan da halinta. Kujera kuwa akwai ta, ni ne ba na zama, don mai ƙofar da ya zauna kowa raina shi yake yi. Ki rage gishiri.

Kin ce kin taɓa faɗin magana a kan aikina. Na sani, an kawo min tun da ɗuminta. Ban amsa ba a lokacin, amma tunda yau ke kika taɓo, sai ki zauna ki ji.

Mahaifina Dahab, Allah ya jiƙansa, shekara talatin yana kai gahawa a wani kulob na manya a zamanin sarki. A lokacin ba doka, ba mai ƙofa. Duk mai jar hula da aljihu mai nauyi shiga yake. Ya ga ɗan wani basha, wato babban mai sarauta, ya zauna bayan la'asar da gonar audugar da doki zai gaji kafin ya kewaye ta, ya tashi ba shi da ko taku ɗaya a cikinta. Manoman da ke cikin gonar sun wayi gari da sabon ubangida, ba wanda ya tambaye su. Da sojoji suka kori sarki, sai aka rufe wa ɗan ƙasa wannan hanya. Daga baya gwamnati ta ga baƙi na zuwa da dala suna neman inda za su zubar, sai ta ce to, a yi, amma a manyan otal kawai, da kuɗin waje kawai, gwamnati ta ɗauki rabi, kuma ɗan Masar ko leƙe kada ya yi. A shekarar saba'in da uku aka ƙara ɗaure dokar. Takardarta na aljihuna, duk ta tsufa don naɗewa.

Kuma kada ki ɗauka mu muka fara. Akwai wani tsohon Bature ɗan Italiya, Sinyor Baldo, wanda ya koya wa yaranmu raba karta. Shi ya ce min a garinsu Banis hukuma da kanta ta buɗe gidan farko, shekara ɗari uku da hamsin da suka wuce, kuma sai mutum ya rufe fuska zai shiga. Ashe tun can sun san abin kunya ne. Da ya cinye manyan gidajen garin, hukumar ta rufe abinta. Ya ce a Monako ma, inda abin ya fi ƙasaita, an hana 'yan ƙasar zama a teburin. Kin ga ba mu kaɗai Allah ya ba hankali ba.

To ni, Sittana, ba shigar da mutane nake ba. Hanawa nake. Shekara ashirin da huɗu ina tsaye da rawanin mahaifina da jar ɗamarar otal, ban taɓa ɗaga labulen ciki na leƙa ba, ban san kalar faifan da suke juyawa ba. Amma na mayar da 'ya'yan ministoci, na mayar da 'yan kasuwa masu ƙiba, na mayar da wani mawaƙi da ya yi min waƙa a bakin ƙofar don in tausaya. Bara wani ya zo min da farar jallabiya da igiya a ka da fasfon aro, wai shi ɗan Kuwait ne. Na juya wajen ɗan sandan da ke zama kusa da ni, kamar ba da shi nake ba, na ce, "Ka ji an lallasa 'yan ƙwallon garin nan masu jar riga yau, uku da nema?" Sai ɗan Kuwait ɗina ya zabura ya ce, "Ƙarya ne, sai jibi za su buga!" Na ce masa, "To ka je gida ka jira jibin." A duk shekarun nan ba ɗan Masar ko ɗaya da ya wuce ni. Watan Fabrairu mai zuwa zan cika sittin in ajiye aiki, manaja ya ce za a yi min walima a ba ni agogo, da cikakken fansho.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yadda ban taɓa shigar da ɗan ƙasa ba, haka ban taɓa mayar da mai fasfo na gaskiya ba. Su biyun ne sunana. Shallali fasfon Sudan gare shi. A idon doka baƙo ne, daidai yake da Bajamushe. Ya zo gida ya ci miyar lalo ta Zanuba, in zaunar da shi in yi masa nasiha har kunnensa ya yi zafi, wannan zan yi da farin ciki. Amma a bakin ƙofa ba ni da dangi.

Yayanki,
Abdun Dahab

*

Halfa Sabuwa
24 ga Afrilu, 1986

Yaya Abdun,

Ina gaishe ka, ina gaida Zanuba. Gishiri na rage, takardarka ce ta tayar min da jinin.

Na karanta tarihin Baturenka har sau biyu, ban ga ɗana a ciki ba. Wannan doka da kake ɗauke da ita a aljihu kamar laya, bari in tambaye ka, wace irin doka ce ke hana ɗan gida guba sannan ta zuba wa baƙo a kofi mai kyau? Mu a Faras baƙo ake fara ba mai daɗi. Idan abin nan mugu ne, mugu ne ga kowa.

Kuma wai baƙo! Shallali ne baƙo? Tsakanin Adindan ɗinku da Faras ɗinmu, in kakata ta ƙwala kira daga wannan gaɓa ana jinta a waccan. Kakarka da kakata nono ɗaya suka sha. Wasu ne suka zo suka ja layi a takarda, suka ce nan Masar, nan Sudan. Da aka gina madatsar ruwa ta Aswan, ruwa ya zo ya haɗiye layin da garuruwan duka, mu aka loda mu a jirgin ƙasa zuwa nan, ku aka kai ku Kom Ombo. Shi ke nan sai muka zama Jamusawa?

Ko ka manta ɗan wa ne? A Adindan na haife shi, a ɗakin mahaifiyarka. Ranar suna Halilu yana kan jirgin ruwa a Suwez, kai ka ɗauki jaririn nan zuwa bakin kogi, ka ɗebi ruwa da hannunka ka wanke masa fuska kamar yadda ake yi wa kowane ɗanmu. Ya yi maka fitsari a riga, ka ce albarka ce. Ka tuna ubansa da kyau, ka tuna inda aka haife shi, sannan ka sake rubuto min cewa baƙo ne.

Sittana

*

Alƙahira
20 ga Mayu, 1986

Ƙanwata mai kaifin kai,

Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Muna lafiya, zafi ne kawai ya sa mu gaba.

Zagin da kika yi min na shanye shi da shayin buɗa baki, don a ƙarshen takardar kin ba ni mabuɗi. Wallahi da lauya kika karanta maimakon unguwarzoma, da alƙalai sun shiga uku. "Ka tuna ubansa, ka tuna inda aka haife shi." Sau uku na karanta sannan na gane inda kika dosa, na buga cinya har Zanuba ta firgita. Halilu ɗan Masar ne. A dokar ƙasar nan ɗan ɗan Masar ɗan Masar ne, ko da fasfo goma yake yawo. Na tambayi wani lauya da ke shan shayi a ƙungiyarmu ta Nubawa da ke Abdin, ban faɗi suna ba, ya ce haka abin yake.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Ranar da ya zo zan yi masa abin da nake yi wa kowa. Zan rubuta a littafin ƙofa cewa ɗan Masar ne, ɗan Halilu na Adindan, in miƙa fasfon ga hafsa Midhat, ɗan sandan da na ba ki labari. Daga nan sunansa zai zaga duk otal ɗin garin, ba ƙofar da za ta sake buɗe masa. Ke kin samu ɗanki, ni ban karya doka ba. Kin ga dokar da kike zagi ita ce za ta yi miki rana.

Yayanki mai alfahari da ke,
Abdun

*

Halfa Sabuwa
11 ga Yuni, 1986

Yaya Abdun, don girman Allah kada ka rubuta komai!

Ko barka da salla na kasa yi maka. Ba abin da nake nufi ke nan ba. Ni zuciyarka nake taɓawa, ban san littafi za ka ɗauko ba.

Akwai abin da ba ka sani ba. Bayan rasuwar Halilu na koma gidanmu a Faras da yaron. Da ma'aikata suka zo ƙidayar waɗanda za a kwashe, suka ce wanda ba ɗan Sudan ba ba shi da wuri a jirgi, sai a mayar da shi ga dangin ubansa. Yana da shekara shida. Mahaifina ya ce, "Rubuta, ɗana ne." Aka rubuta. A kan wannan aka yi masa takardar makaranta, a kanta aka yi fasfo. Shi kansa bai taɓa kawo komai a ransa ba, ya ɗauka haka ake yi wa maraya. Idan ka miƙa wa ɗan sandanka fasfon nan da sunan Halilu, za su ce takardun ƙarya ne, su tsare shi, su tambaye shi shaidar aikin soja. Kafin ya wanke kansa aikinsa ya tafi, kuma ban san wace ƙasa za ta ce nata ne ba.

Na janye roƙona. Gara ya shiga ya zubar da komai ya dawo min da rigar jikinsa. Ranar sha takwas zai sauka. Na ba wani mai tafiya Aswan wannan takarda, ya rantse zai sa ta a gidan waya ranar da ya sauka daga jirgin ruwa. Allah ya sa ta riga shi.

Sittana

*

Halfa Sabuwa
12 ga Yuli, 1986

Yaya,

Ina gaisuwa. Tun farkon wata ya kamata Shallali ya iso. Ba shi, ba takardarsa, ba taka. Kullum da hantsi ina bakin titi ina duban motocin Kasala, har masu shago sun fara ajiye min benci. Idan ka riga ka rubuta, ka faɗa min inda suka kai shi. Ba zan zage ka ba, ni na sa alƙalamin a hannunka.

Sittana

*

Alƙahira
4 ga Yuli, 1986

Ƙanwata Sittana,

Sallama da fatan alheri. Kafin komai, ɗanki yana lafiya, yana gidana, yanzu haka ina jinsa yana gardama da Zanuba a kan ko an sa sukari da yawa a zoɓo. Ki ajiye takardar ki sha ruwa, sannan ki ci gaba.

Takardarki ta gargaɗi ta iso ranar ashirin da bakwai, kwana shida bayan an gama komai.

Bai sauka a gidana ba. Wani ƙaramin otal ya kama, sai ranar Asabar bayan la'asar na gan shi yana hawowa matakala da kwat da takalmi mai ƙyalli, turare na riga shi isowa. Ba sai an faɗa min ba. Halilu ne sak, har yadda yake karkata kai. Ya zo ya kama hannuna ya sumbata, ya ce da harshenmu, "Baffa! Ni ne Shallali. Kai, ashe da gaske ne, kamar sarki!"

Na ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Kwana uku kana gari, sai yau ka san kana da baffa? Kawo fasfo."

Ya miƙo yana dariya. Na buɗe littafi, na cire murfin alƙalami. Wallahi a lokacin daɗi nake ji, ina cewa a raina yau Sittana za ta san wane ne Abdun. Sai na buɗe fasfon. Na ga an rubuta Shallali Usman, sunan mahaifinki. Wurin haihuwa, Faras. Ba Halilu, ba Adindan. Shekara ashirin da huɗu ina karanta fasfo, na san abin da ake yi wa wanda takardarsa ta ce abu ɗaya, shaida ya ce wani. Kuma ni ne shaidan. 

Hafsa Midhat na gefe yana ɓare 'ya'yan kabewa. Ya ce, "Da matsala ne, Baba Abdun?"

Na ce, "Babu komai, Basha."

Hanya uku ce a gabana. In rubuta gaskiya, in kashe yaro. In buɗe masa, in zama na shigar da ɗan Masar da sanina, kuma ɗan Halilu, da gumin shekara shida a ɗaure a ƙugunsa, don ina ganin tudun ɗamarar ta ƙarƙashin kwat. Ko in hana shi ba dalili, abin da ba a yafe wa mai ƙofa.

Na mayar masa da fasfon, na ce da harshenmu, "Juya ka tafi gida. Zanuba ta dafa lalo."

Ya ce, "Haba Baffa! Inna ce ta rubuto maka ko? Mata ke nan. Kallo kawai zan yi, in taɓa kaɗan in fito."

"Duk wanda na taɓa gani ya shiga, kallo ya zo yi. Tafi gida."

Sai fuskarsa ta canza. Akwai mutane a bayansa, wasu Jamusawa da wani Balarabe, ya ji kunya. Ya bar harshenmu ya koma Larabci da ƙarfi, ya ce, "Fasfona na da laifi ne? In da laifi a faɗa!" Hafsa ya ajiye 'ya'yan kabewarsa. Hayaniya ta fito da manajanmu, Ustaz Ra'uf, mutumin kirki ne, ba zan ce ba haka ba. Ya karɓi fasfon ya juya.

"Abdun, fasfon nan lafiya?"

"Lafiya, Ustaz."

"Yana cikin waɗanda aka hana?"

"Ba ya ciki."

"To me muke jira?" Ya ba yaron haƙuri, ya sa hannu da kansa ya cire igiyar ƙofa, ya ce, "Bismilla, ranka ya daɗe."

Sittana, ban shirya abin da na yi ba. Hannuna ne ya tafi kaina. Na warware rawanin mahaifina, kamu goma sha biyu, na durƙusa da wannan ƙafar, na shimfiɗa shi a bakin ƙofar daga wannan gefe zuwa wancan. Na miƙe da sanƙona a waje, wanda ko 'ya'yana ba su cika gani ba. Wata Bajamushiya ta ɗauki hoto, ta zaci wasan gargajiya ne na otal. Ustaz Ra'uf ya ce, "Abdun, ka haukace ne?" Su duka ba su san me ke ƙasa ba, ba su san a wurinmu ɗa ba ya tsallake rawanin babba ba. Mutum ɗaya ne a wurin ya sani, don ke kika rene shi.

Ƙafarsa na sama ya tsaya. Ya ce a hankali, "Baffa, don Allah kada ka yi min haka a gaban mutane."

Na ce, "Tsallaka mana. Doka ta ba ka, manaja ya ba ka. Ka ce darduma za a shimfiɗa maka, ga ta nan."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai ga ya mayar da ƙafar baya. Ya durƙusa da kwat ɗinsa mai tsada, ya tattara rawanin, ya kaɗe ƙurar, ya naɗa min a ka da hannunsa. Naɗin kuwa kamar mai ɗaure bakin buhu, ki gaya masa ya koya. Sannan ya sauka matakala bai waiwaya ba.

Washegari Ustaz Ra'uf ya kira ni ofis. Ya ce, "Baba Abdun, ka ba ni dalili ɗaya in rubuta. Ɓarawo ne? Mai maguɗi ne? Ɗan Masar ne da fasfon aro? Ka ce ɗaya, wallahi in ƙara maka tukwici. Wata takwas ya rage maka."

Na ce, "Babu dalili, Ustaz."

Sau uku ya tambaya, har ya rufe ƙofa ya tambaya a asirce. Daga ƙarshe ya ce masu otal ba za su bar mai ƙofar da ke korar baƙi da rawani ba. Na kwance jar ɗamarar na ninke na ajiye masa a tebur. Walima babu, agogo babu, fansho kuma an gutsure shi, amma ba za mu kwana da yunwa ba, babbar 'yata tana koyarwa.

Shallali ya zo gida da jakarsa a ranar. Kwana uku bai yi min magana ba, amma da kansa ya kwance ɗamarar kuɗin ya ba Zanuba ta kulle a akwatinta. Abin da ya tsayar da shi, kullum da safe sai ya je otal ya roƙi manaja a mayar da ni. Na ce ya bari, ya ƙi ji, taurin kan naki ne. Ranar sha huɗu zan sa shi a jirgin Aswan da kaina. Bai san komai ba game da takardunsa, ya ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Ko wata rana zai nemi wata ƙofar, wannan ban sani ba, duniya ƙofofi gare ta. Tawa dai bai wuce ba.

A ƙungiya ana ta cewa Abdun ya ɓata rawarsa da tsalle, ya kori baƙo ba gaira ba dalili. Ina jinsu, ina shan shayina. Ba zan yi miki ƙarya ba, da hantsi in na ga ba inda zan je, abin na ci min rai. Amma ke kin sani, ni na sani, wanda na mayar ɗan Masar ne, ɗan Halilu na Adindan, wanda na wanke wa fuska a kogi. Shekara ashirin da huɗu, ba ɗan Masar ko ɗaya. Ke kaɗai ce a duniya zan iya yi wa wannan alfaharin, don haka ki bar ni in yi shi sosai.

In kin gama karantawa, ki ƙone takardar nan.

Yayanki,
Abdun Dahab

*

Halfa Sabuwa
5 ga Agusta, 1986

Yayana Abdun,

Gaisuwa irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba, gare ka da Zanuba. Jinina ya sauka. Shallali ya iso ranar ashirin da uku ga watan jiya, takardarka kuma ta biyo shi da kwana biyu, ka ga aikin gidan waya. Ya sayi motar, tsohuwa ce amma tana tashi.

Takardar na ƙone ta kamar yadda ka ce. Sai dai kafin nan na rufe ɗaki, na zaunar da shi, na karanta masa tun daga sallama har sa hannu. Ya isa ya san ɗan wa ne, ya kuma san abin da aka ajiye a tebur saboda shi. Ranar bai ci abinci ba. Da safe na same shi a tsakar gida da rawanin kakansa, yana naɗawa yana warwarewa.

Dokarku har gobe ban yarda da ita ba, kada ka ɗauka ka ci gardama. Amma jiya wata ta ce a gabana aikinka ba na ɗan mutunci ba ne, kuma ba na jin za ta sake.

Yanzu kuma ka samu kujera ka zauna, Yaya. Ka tsaya ya isa.

Ƙanwarka,
Sittana